Yadda za ki tono tarihin aikin matan gidanku tun tsofaffin na da rai

Duk lokacin da aka tashi zancen yadda mata suka shiga aikin albashi sai kiji an tafi Ingila da Amurka, wai lokacin yaƙin duniya maza sun tafi fagen daga mata suka cike masana'antu, daga baya aka yi dokar biyan mata daidai da maza a Amurka 1963 a Ingila 1970. Gaskiya ne duk anyi haka, amma nasu ne. Namu na nan Zariya yana cikin kan tsofaffin da muke wucewa kullum a tsakar gida muna ce musu sannu da hutawa, kuma yawancinsa ba'a rubuta ba. To ga yadda ake fito da shi, ko don project ɗin makaranta kike so ko don 'ya'yanki kawai. Da mace nake magana saboda mace tafi samun shiga ɗaki, amma namiji ma in jika ne zai iya, jika ai ba'a masa shamaki.

Abu na farko ki zaɓi mutum ɗaya. Kar kice zaki tattara tarihin matan Zazzau gaba ɗaya, ba zaki gama ba. Ki fara da wadda tafi kowa tsufa a dangi in dai hankalinta na nan, ba wadda tafi kowa boko ba. Mai bokon tana da takardu, ko bayan ranta za'a samu wani abu, ita kuwa tsohuwar da bata taɓa riƙe biro ba in ta tafi shikenan.

Sai maganar tambaya, kuma nan ne yawancin mutane suke ɓata abun tun daga bakin ƙofa. In kika ce "Iya kin taɓa yin aiki?" amsar da zaki samu ita ce a'a, ni ina naga aiki, zaman aure nayi. Daga nan hira ta mutu. Ki bi ta kan kuɗi da kaya. Iya wannan kwallar ta cikin kabad wa ya saya miki? Da me kika yi wa Gwaggo kayan ɗaki? Zubin adashi nawa kuke yi lokacin, kuma a ina kike samo na zubin? Akuyarki ta farko fa? Akwai wata 'yar uwar kakata da ta rantse min bata taɓa aiki ba, da na tambayeta kuɗin tasoshin da ta jera wa 'yarta ta fari sai gashi ta shekara da shekaru tana kaɗi, bayan kaɗi ya mutu ta koma ƙuli da man gyaɗa, daga ƙarshe ma tayi girki a wata makarantar kwana ta 'yan mata ana biyanta duk wata, har da layin karɓar albashi da dangwala yatsa. Ita dai a wajenta ma'aikaciya ita ce mai farin kaya da hula a asibiti, ko malama mai alli.

Don ki iya tambaya da kyau dole ki san kan labarin ko da sama sama ne, in ba haka ba za ta faɗi abu mai tsada ya wuce ki baki kama ba.

Matan birni da ke cikin kulle sun daɗe suna samun kuɗin kansu, kuma kuɗin nasu ne ba na miji ba, a addini ma haka yake. Babbar sana'ar ita ce kaɗi. A gurje auduga a cire angurya, a shiɓe ta, a ɗauki mazari da alli a zauna ana kaɗa zare ana hira, zaren ya tafi wajen masaƙa da masu ɗinkin riga. Ƙasar Zazzau ƙasar auduga ce, shi yasa Turawa suka kafa injin gurzar auduga a nan tun farkon zuwansu. Ga surfe da daka da niƙa na kuɗi, ga fura, daddawa, kitso, wankau, unguwar zoma, 'yan mata na kai talla. Matan ƙauyukan gefe irin su Bomo da wajen Giwa kuma ga aikatau a gona, tsinkar auduga da barkono da roron wake. Abun da ya kashe wasu sana'o'in inji ne. Zaren kanti da yadin masaƙa, musamman bayan an buɗe masaƙar Kaduna a 1957, suka karya kasuwar zaren hannu, injin niƙa ya kashe niƙan dutse. Matan cikin birni da yawa sai suka koma ɗinkin hula da ɗinkin hannu na babbar riga wanda da can aikin maza ne, yanzu kuwa ki shiga gidaje a cikin ganuwa kiga mace da allura da riga a cinya ba abun mamaki bane. Saboda haka in tsohuwa tace "da na bar kaɗi", ki tsaya nan ki tambayi dalili da lokaci da abun da ta koma, wannan gaɓar kaɗai ta isa babi guda.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ke so a faɗa ba. Zamanin bauta bayi mata su ke noma a rinji, wato ƙauyen bayi na gona, da ɗebo itace da ruwa, da bauta ta ƙare da yawa daga cikinsu suka bar gona suka shiga gida, saboda zaman gida a lokacin alama ce ta 'yanci da mutunci. Kenan labarin ba miƙaƙƙe bane ace da suna ciki sannan suka fito, wasu fita suke aka samu sauƙi suka shiga, jikokinsu kuma suka sake fitowa da satifiket. In hira ta biyo ta nan ki bi a hankali, asali abu ne mai zafi a gidaje da yawa, in ta kauce ki ƙyaleta.

Shi kuma aikin albashi ta ƙofofi kaɗan ya shigo. Akwai ta mishan, da suka tashi daga cikin birni suka koma Wusasa wajen 1929 da makaranta da asibiti, nan aka horar da mata aikin jinya da karɓar haihuwa tun da wuri. Akwai ta jirgin ƙasa da ya iso 1911 ya haifar da Sabon Gari, inda matan kudu suka zo da kasuwanci da ɗinki da koyarwa. Akwai ta En'e, wato hukumar gargajiya ta ƙarƙashin sarki, mai ɗaukar mata kaɗan a asibiti da makarantar 'yan mata da gidan yari ɓangaren mata. Sai Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 wanda cibiyarsa ma a Zariya take. Sai jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da asibitinta na Tudun Wada kafin a koma Shika, da kwalejin horon malamai da muke kira FCE wadda ita ma 1962 ta fara, da gonakin bincike na Samaru, da kamfanin taba. Waɗannan ba lakcarori da nas kaɗai suka ɗauka ba, akwai masu shara, masu girki, masu wanki, masu kula da hostel, masu buga tafireta, kuma su ne ba wanda ke tambayar labarinsu. Babbar ƙofar dai ita ce UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, da aka buɗe firamare ko ina aka rasa malamai, 'yan matan da suka yi WTC, kwalejin horon malamai mata, suka fito da satifiket ɗin koyarwa na Giredi Tu suka samu aiki tun kafin tawadar satifiket ta bushe. Bayan rikicin 1966 ma da ma'aikata 'yan kudu da yawa suka tafi, guraben da suka bari sun jawo 'yan Arewa ciki har da mata. In wadda kike hira da ita ta fara aiki tsakanin 1966 da 1980 ki tambayeta wa ta gada a kujerar.

Toh yanzu ranar hira. Ki je da hantsi bayan an karya, ko bayan la'asar, kar kije ana tsakar girki ko gab da magariba. Ki riƙe goro ko turare ko ɗan abun da kika san tana so, wannan ba biya bane gaisuwa ce. Ki durƙusa ki gaisheta yadda aka saba, a taɓa wasan jika da kaka in akwai, kar ki zaro littafi da biro kamar ma'aikaciyar ƙidaya, da taga haka zata fara baki amsar hukuma. Wayarki ta isa, ki cika caji, ki duba akwai wuri a mimori, ki sata a yanayin jirgi don kar kira ya yanke ɗaukar, ki ajiyeta a kan tabarma kusa da ita ba kusa da ke ba. A kashe fanka da rediyo. Amma ki gaya mata kina ɗauka, "Iya zan ɗauki muryarki don yara su ji watarana, kin yarda?", kar ki ɗauka a ɓoye wallahi ranar da ta gane ba zata ƙara buɗe miki baki ba. A farkon kowane ɗauka ki faɗi kwanan wata da sunan unguwa da wa kike tare da ita.

Ki kori 'yan gyara. Kullum akwai wani kawu ko wata anti da zata zauna tana cewa a'a Iya ba haka akayi ba. Ki lallaba ku keɓe. Amma in ƙawarta ce ta ƙuruciya ko kishiyar da suka tsufa tare suna shiri, barsu su biyu, suna musu suna tuna wa juna, abun da zaki samu ya ninka.

Kar ki wuce awa ɗaya, tsofaffi na gajiya, kuma labarin gaske sai a zama na biyu ko na uku yake fitowa bayan ta kwana tana tunawa. In tayi shiru kar kiyi saurin cike wajen, ki jira.

Matsalar da zaki fi fama da ita shekara ce. Ba zata ce miki 1961 ba, zata ce "lokacin ina goyon Baban Kaduna". To ki riƙe wasu turaku a kanki ki riƙa ɗaure labarin a jikinsu. Sarakuna sun fi sauƙi: Sarki Ja'afaru 1937 zuwa 1959, Sarki Muhammadu Aminu 1959 zuwa 1975, Sarki Shehu Idris 1975 zuwa 2020. Sannan zuwan Sarauniyar Ingila 1956, kashe Sardauna Janairun 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, komawa tuƙin hannun dama 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira Janairun 1973, kashe Murtala Fabrairun 1976, canjin kuɗin Buhari 1984. Ga tsofaffin ma'aikata kuwa ba abun da ya kai Udoji, ƙarin albashin da aka yi rahotonsa 1974 kuɗin ya shigo hannu 1975 da ariyas, duk wadda take aiki lokacin ta san abun da ta saya da shi, keken ɗinki ne ko rediyo ko gadon ƙarfe ko kujerar Makka ta fara tarawa. Ki tambaya kawai "Udoji ya same ki a aiki?" kiga yadda fuskarta zata canza. Za ki iya kuma tambayar ko ta jefa ƙuri'a a zaɓen 1979, tunda matan Arewa basu samu damar zaɓe ba sai a 1976, abun da su Hajiya Gambo Sawaba ta nan Sabon Gari suka sha ɗauri a kansa tun zamanin jam'iyyar NEPU.

Lissafin kuɗin da ma sai kin iya shi. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, sisi kwabo 6, taro kwabo 3, da aka canza kuɗi fam ɗaya ya zama naira 2. In tace albashinta fam kaza ne kar ki tsaya juya shi zuwa kuɗin yau, ba zai gaya miki komai ba, ki tambayi nawa ne tiyar dawa lokacin, nawa ne turmin atamfa, nawa ne kuɗin mota zuwa Kaduna. Da wannan ne zaki gane ko albashin na da auki.

Ga mai aikin albashi akwai tambayoyin da bana tsallakewa. Wa ya yarda ta fita, uba ne ko miji, wa kuma ya ƙi, me 'yan unguwa suka ce? Da yawa an kira su da sunaye marasa daɗi, musamman nas masu kwanan asibiti, kuma har yau abun na musu ciwo. Da me take zuwa, a ƙafa daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada ko a bayan keken maigida? Wa ke riƙe mata yara? Nan zaki gano wata macen da tarihin ya manta, ƙanwa ko 'yar riƙo ko kishiya ko uwar miji da ta zauna a gida don ita ta fita, wani lokacin ma ita waccan ɗin ita ta rasa makaranta. In tana da rai ita ce hirarki ta gaba. Albashin fa, a hannunta yake zama ko miƙawa take? Da tayi aure ko ta samu ciki an barta a aikin? Wannan tambayar na da tushe, don a Ingila kanta sai 1946 aka daina sallamar mace daga aikin gwamnati saboda tayi aure, kuma tsarin aikinmu daga nasu aka kwafo. Dokar ƙwadago ta shekarun 1970 ta ba mai ciki sati 6 kafin haihuwa da sati 6 bayanta, ta kuma hana sa mata aikin dare a masana'antu banda irin su ma'aikatan jinya, to ki ji daga bakinta ko abun da ke takarda shi akayi a ƙasa, da yadda ta haɗa shi da wankan jego na kwana 40. Sai ƙarshe, me yasa ta bari? Ritaya ce, ko canjin wajen aikin miji, ko tsadar zamanin SAP, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnati, daga 1986 da albashi ya zama ba ya kai wata ta koma saida zannuwa a ofis?

Bayan baki sai takarda. Ki roƙi a buɗe miki akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado, wanda in an ɗaga murfin ƙamshin kafur da tsohon turare ke bugo ki. A ƙasan zannuwan, cikin leda ko tsohon ambulan mai ruwan ƙasa, nan ake samun takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma, satifiket ɗin Giredi Tu da ya ninke har ya kusa rabewa huɗu, katin asibiti, littafin ajiyar banki ko na gidan waya, hoton 'yan aji an jeru da malama Baturiya a tsakiya. Kar ki tafi da ko ɗaya, musamman in tana karɓar fansho, takardun nan su ake nema ranar tantancewa kuma in ɗaya ta ɓata ke za'a kama. Ki shimfiɗa a kan farin zani a inuwa inda haske yake, ki ɗauki hoton gaba da baya, don bayan hoto ne ake rubuta suna da shekara. Kar ki sa salatif a inda ya yage kuma kar ki kai a manne da roba mai zafi, yana cinye tawada. Ki nuna mata hoton ajin ki ce ta faɗi sunan kowa da inda ta ƙare, wannan kaɗai zai baki jerin matan da zaki nema nan gaba. Wadda bata da takarda kuma kayanta ne takardunta, mazarin, tasoshin, keken ɗinkin, ki ɗauki hotonsu tana riƙe da su.

In abun ya kai ki ga bincike mai zurfi, akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna inda fayilolin lardin Zazzau suke ƙarƙashin sunan Zarprof, akwai Arewa House a Kadunan, akwai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru da tarin project da digirorin da ɗalibai suka rubuta, sannan tsofaffin kofin Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fita 1939. Ki tafi da takardar gabatarwa daga makarantarku da katin shaida. Ki sani yawancin fayilolin da Turanci suke kuma maza ne suka rubuta su, mata sai dai ki tsinto su a rahoton ilimi da na lafiya da jerin albashin En'e. Ki kuma tuna jihar ta canza suna, Arewa ta Tsakiya ce daga 1967, ta zama Kaduna 1976, Katsina ta fita 1987, to wadda tayi aiki a Funtuwa ko Malumfashi fayil ɗinta zai iya kasancewa can. Ni dai shawarata kar ki fara da nan, takarda zata jira ki.

Wai kuma kar kiga kamar abun ƙarami ne. A Giwa, tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, wata Baturiya Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa Baba tana faɗa tana rubutawa da hannu, aka buga shi 1954 da sunan Baba of Karo, har yau jami'o'in duniya na karanta shi don sanin rayuwar matan Hausa. Ita ko rikoda bata yi aiki da ita ba. Haka ƙungiyar mata ta WIN, wato Women in Nigeria, ta samo asali ne daga taron da akayi a ABU a 1982, kenan garin nan ba baƙo bane a wannan fagen.

Da kin dawo gida a ranar ki tura muryar wuri biyu, imel ɗinki da wayar wani a gidan, waya na faɗawa ruwa ana kuma sace ta. Ki sa wa kowane fayil suna da kwanan wata. Sannan ki zauna ki rubuta yadda ta faɗa, da Zazzagancinta da karin maganarta da rantsuwarta, kar ki gyara mata Hausa kuma kar ki juya shi Turanci tukuna. Aiki ne mai cin rai, hirar awa ɗaya zata iya cinye miki yini, amma in kika bari ya kwana biyu zaki manta abun da take nunawa da hannu lokacin da tace "kamar wannan". Inda maganarta ta saɓa da takarda, misali tace zamanin Ja'afaru ta fara amma takardar ta nuna 1963, ki rubuta duka biyun ki koma ki tambaya, sau da yawa zaki tarar ta fara ne a matsayin 'yar wucin gadi ana biyanta kullum kullum shekaru kafin a bata takarda.

Kafin ki sa komai a Facebook ko group ɗin dangi na WhatsApp ki koma ki kunna mata taji, ki tambayi abun da take so a cire. Zancen kishiya, zancen auren fari da ya mutu, sunan shugaban da ya matsa mata a ofis, waɗannan in tace a rufe a rufe, ko da su ne suka fi daɗin ji. Takardun da ke ɗauke da lambar fayil ko ta fansho ko ta banki kuma kar su hau intanet ko ta yarda, 'yan damfara na bin irinsu.